Malam Saley Ya Je Gyaran Waƙa

Malam Saley ya sauka daga taram, jirgin cikin gari, a Villeurbanne da ke gefen Lyon, ya ɗaga waya ya kira jikarsa.

"Suhaila, ina ƙofar gidanku. Sauko."

"Wane gida, Kaka?"

"Na 'yan lakwal, inda ku ɗalibai kuke kwana. Lyon."

Tun safe ya bar Sevran, garin da yake zaune, bai faɗa wa kowa ba. Matarsa Hajiya Fatimata ta rasu, ranar Asabar za a yi sadakar arba'in. Suhaila, wadda ke karatun injiniya, ta tsara wa kakarta waƙa, ta karanta ta turo wa uwarta a waya, tana so ta rera bayan addu'a. Malam Saley ya saurara sau ɗaya ya ce ba a gabansa ba. Suhaila ta aiko cewa in babu waƙa, babu ita. Ita ce jikar da marigayiya ta goya. Zaman sadaka ba ita abin magana ne har can gida Maradi.

Ta sauko da silifa. Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta dube shi sama da ƙasa.

"Angon nawa, ko tsaraba babu?"

"Ban zo wasa ba."

Ɗakinta bai fi shagon mai shayi ba. Ta ba shi kujerar, ita ta zauna bakin gado. Ya ƙi cire kwat.

"Karanta," ya ce.

Ta buɗe wayarta. "Kakata inuwa ce mai yalwa."

"Tsaya. Inuwa? Matar da ba ta kai kafaɗata ba?"

"Siffantawa ke nan, Kaka. Ba a ce itace ba ce. Ana nufin mutane na hutawa a wurinta."

"Wa ya huta? Ni ban huta ba. Ci gaba."

"Muryarta ruwa ce mai sanyayawa."

Malam Saley ya dafa gwiwa. Shekara da shekaru maƙwabcinsu na ƙasa yana buga silin da sandar shara saboda wannan muryar. Sau biyu mai kula da bene ya hau yana tambaya ko lafiya, alhali Hajiya gaisawa kawai take da ƙanwarta a waya.

"Kin san muryar Fatimata," ya ce.

"Na sani. Bon, waƙa ce. Akwai adon magana."

"Mamaci ba ya son ado. Likkafani ma fari ne. Ci gaba."

"Tukunyarta ta ciyar da Sevran, ba ta ƙarewa."

"Sevran duka? Da Larabawa da Turawa?"

"Kambamawa ake ce masa. A ƙara wa abu girma don a ji shi."

"A garinmu ƙarya ake ce masa. Tukunyar tana nan a kicin, hannu ɗaya ya karye. Kuma tana ƙarewa. Ni na san tana ƙarewa, don ni ake zuba wa a ƙarshe."

Suhaila ta kife wayar a kan gado. Idonta ya kawo ruwa.

"To me zan ce? In tashi gaban mutane in ce kakata gajera ce mai faɗa?"

"Ki ce abin da kika gani."

"Ba zai hau kari ba."

"Mi ne kari?"

"Tafiyar waƙa. Yadda sautin ke faɗuwa daidai da daidai."

"Fatimata ba ta taɓa tafiya daidai da kowa ba. Ko a Makka gaba ta yi ta bar ni."

Dariya ta kuɓuce mata, ta share ido da bakin mayafi. Suka zauna gyara. Inuwa ta fita. Ruwa ya fita. Ya yarda tukunya ta ciyar da baƙin Juma'a, domin wannan ya gani da idonsa. Ya sa ta saka cewa Hajiya ta taɓa korar mai gyaran famfo da muciya. Suhaila ta ce muciya ba za ta zauna a baiti ba. Ya ce ta matsa mata wuri.

"Saura ɗango ɗaya," ta ce. Ta karanta a hankali. "Har ta tafi, mijinta take yabawa."

Malam Saley ya dubi taga. Taram ya wuce a ƙasa.

Ranar da Hajiya ta cika, ya sauka sallar la'asar, Suhaila ce a gefenta. Maganar ƙarshe da Hajiya ta yi masa ita ce ya daina barin takalmi a bakin ƙofar mutane.

"Kin ji ta faɗa?" ya tambaya, bai juyo ba.

 Suhaila ba ta iya yi masa ƙarya, shi ma ya sani.

"Amsa-amo ne, Kaka. Kowane layi da *wa* yake ƙarewa. Ina neman abin da zai dace, sai wannan ya zo." Ta ɗora yatsa a kan wayar. "In goge?"

Ya miƙe, ya gyara maɓallin kwat, ya ɗauki hularsa.

"Wannan ki bar shi," ya ce. "Asabar ki zo da wuri. Kuma ki ɗaga murya, na baya ba sa ji."