Filasta a Fuskar Kwamfuta

Furera ta dire kwamfutar asibiti a teburin Kamilu, tsakanin farantin gurasarsa da wayoyinsa biyu. Tun daga Doguwa har Tudun Wada a ƙirji ta rungumo ta cikin mota, kamar jinjiri mai zazzaɓi.

Kamilu ne ya gina shafin intanet da ƙananan asibitoci ke neman magani ta cikinsa, har lambar yabo aka ba shi. Ita kuwa Furera, mai kula da ɗakin magani a asibitin Doguwa, idonta ya yi rauni. Ba ta iya karatu sai ta mai da fuskar kwamfutar baƙa wuluk, rubutu ya koma ruwan ɗorawa. Da ta yi haka sai maɓallin aikawa ya ɓace, domin ba rubutu ba ne, ɗan hoton mota ne, shi ma baƙi. Saƙonta na neman magani bai taɓa tafiya ba, ɗakin magani ya zama wayam, kuma shugabanta ya ce in Juma'a ta yi ba ta aika ba, mai lafiyar ido zai ba kujerarta.

"Hajiya, ai wannan mai sauƙi ne," in ji Kamilu. Ya danna wani wuri, fuskar ta koma fara tas. "Ga motar nan."

"Sannu da aiki. Kai kana ganin mota, ni ina ganin kindirmo."

"To ki sami wanda zai riƙa danna miki mana."

"Shi zai karɓi albashin ko ni? Rubuta 'Aika' a ƙarƙashin motar nan, kwana nawa zai ɗauke ka?"

"Yanzu-yanzu ne. Sai dai an rufe kwangila. Sai kashi na biyu."

"Yaushe ke nan?"

Kamilu ya ɗaga kai ya dubi silin, inda aka saba ajiye kashi na biyu na kowace kwangila.

Furera ta zuge jakarta, ta zaro almakashi da guntuwar filasta.

"Ɗan nan, ɗora yatsanka kan motar. Kada ka motsa."

Ya ɗora. Ta mai da fuskar baƙa. Rubutu ya dawo mata tar, motar ta nutse cikin duhu a ƙarƙashin yatsansa. Ta zame yatsan, ta manna filastar daidai gurbinsa, ta shafa da babban yatsa kamar yadda take wa masu rauni. Sannan ta ja 'yar kibiyar kwamfutar ta kai ta ƙarƙashin filastar, ta danna.

Rubutu ya fito ɓaro-ɓaro: An aika.

Kamilu ya yi dariyar yaƙe. "Allah dai ya sa kada a matsar da maɓallin wata rana."

"Ka matsar. Hanyar Doguwa ba ta da kyau, amma ni na saba da ita. Sai ka sake ganina a kan gurasarka."

Ta rufe kwamfutar, ta gyara mayafi. Har ta kai bakin ƙofa ya ce, "Wai Hajiya, me kika nema ne haka da gaggawa?"

"Filasta," in ji ta. "Ta ƙarshen ce na liƙa wa majinyacinka."