Layar da Tanimu Ya Sa a Taya

A shekarar da aka koma tuƙi a hannun dama, duk direbobin Kontagora hanya ce ta dame su, amma Tanimu taya ɗaya ce ta hana shi sukuni. Tayar baya ta hagu. Yau a ba ta iska ta cika tam, jibi ka same ta ta kwanta kamar jakin da ya gaji da kaya.

Tanimu na da Fijo buɗaɗɗiyar baya, yana ɗaukar 'yan kasuwa da buhunan dawa zuwa Salka. Lungunsu matsattse ne, don haka a ƙofar maƙwabcinsa Andarawus yake ajiye ta. Andarawus kafinta ne, mutumin Tungan Magajiya, ya daɗe a unguwar har tsofaffi sun manta baƙo ne. Shi ya yi wa Tanimu gadon aurensa, kuma a bencinsa suke cin gyaɗa da la'asar.

Karon farko ƙusa ce, kowa ya gan ta. Abin da ke samun kowane direba ke nan. Amma Inna Turai, mahaifiyar Tanimu, ba ta yarda da tsautsayi haka kawai ba. Ta samo laya ɗinkakkiya da fata, ta ce a sa ta inda matsalar take, kada kowa ya gani. Tanimu kuwa, Allah Ya ba shi biyayya Ya rage masa tunani, ya buɗe tayar da hannunsa, ya cusa layar tsakanin taya da tib, wato robar ciki mai riƙe iska, ya mayar.

Daga nan abin ya ci tura. Ya tofa wa bawul, inda ake ba ta iska, yawu, ba kumfa. Ya shafa bayan tayar yana neman ƙaya, babu. Yana cikin cin tuwo sai ya miƙe ya je ya haure ta da ƙafa ya ji ko ta yi laushi. Kullum shi ke zare tib ɗin da kansa ya kai wa Ɗanmalam mai faci.

"Kawo min tayar gaba ɗaya mana," in ji Ɗanmalam. "Hujin nan duk a wuri guda yake fitowa."

"Kai dai liƙe abin da na kawo maka."

Ina zai bari a leƙa cikin tayar, bayan Inna ta ce kada kowa ya gani?

Zuciyarsa ta fara kai shi inda bai kamata ba. Wa ke da ƙusoshi? A ƙofar wa motar take kwana? Wata safiya fasinjoji na tsaye da kayansu, taya a ƙasa, sai Tanimu ya fashe da faɗa.

"Andarawus! Me na tare maka? Da ƙusa ka fara, yanzu kuma mugun hannu ka sa min!"

Andarawus ya ajiye zarto. "Tanimu, ni kake faɗa wa haka?"

"Kai ɗin fa! Jama'a ku zama shaida!"

Jama'a kuwa suka zama shaida, har suka wuce abin da aka roƙe su. Maganar ta zagaye unguwa. Wanda ya ba da aikin ƙofa ya zo ya karɓe katakonsa. Mata suka hana 'ya'yansu shiga wurin Naomi, matar Andarawus. Tanimu ya ga duk wannan, ransa bai so ba, amma bai janye maganarsa ba.

Ya koma ajiye motar a tasha. Tayar ba ta daina sacewa ba.

Ranar wata kasuwar Salka tayar ta sace masa a tsakiyar hanya, rana na dukan ka. Haushi ya sa ya ɓalle tayar gaba ɗaya daga wilinta, ya zura hannu. Wani abu ya soke shi a yatsa. Fatar layar ce, zafin hanya ya busar da ita ta ƙandare, kusurwarta ta yi tsini, ita ke cin tib ɗin a hankali duk juyin da tayar ta yi. Ya daɗe a tsugune. Kunya ta rufe shi, ga tsoro, don ya san abin da bakinsa ya riga ya yi.

Bai tsaya neman lodin dawowa ba. Ya iso unguwa ya tarar da wata babbar mota a bakin lungu, ana ɗora mata katakai da tukwane. Naomi na zaune a gaba, ba ta dube shi ba.

"Andarawus, don girman Allah ka tsaya. Ba kai ba ne. Ni ne. Zan bi gida gida in faɗa."

"Na yafe, Tanimu," in ji Andarawus, yana ɗaure akwatin kayan aikinsa. "Amma tun da damina ta tsaya ba wanda ya kawo min ko kujera. Gida za mu."

"To sauke kayan, ni zan kai ku. Ka bar ni in yi ko da wannan."

Andarawus ya ɗaga akwatin ya miƙa wa mai lodi, sannan ya juyo.

"A'a. Akwai ƙusoshi a cikin kayana."