Guzurin Sauro

Yayana Mutaru ya dawo Salaga a damunar 1989, bayan shekara takwas a Jamus, da ƙaton tumbi da rediyo mai baki biyu. Sati biyu bai cika ba zazzaɓin cizon sauro ya kayar da shi. Mutumin da a da sauro ke ci ya tashi ya tafi kasuwar doya, sai ga shi cikin bargo uku, haƙora na kaɗawa, yana kiran mahaifiyarmu kamar ɗan yaye.

A asibiti wata nas mai suna Lariba ta yi wa Mma Hawawu, mahaifiyar tamu, bayani da Hausar zango.

"Mma, jini yana da soja. Tun yaro ƙarami maleriya yana zo, soja yana faɗa, yana zo, yana faɗa, har soja ya san fuskan shi. Ba ya kare ka duka, amma ciwo ba ya ƙarfi. Ɗanki ya je wurin da babu sauro, soja ya manta."

Ta ƙara da cewa a sa gidan sauro, a sha magani da wuri. Wannan ɓangaren Mma ba ta ji ba. Abu ɗaya ya shige ta: jini yana mantuwa.

To ni kuma a lokacin nake shirin tafiya Libiya aikin gini. Mma jikar fataken goro ce, ba ta yarda ɗa ya fita ba guzuri. Kwana biyu tana zagaya ɗaki da kwalba, tana laɓaɓe kamar kyanwa, har ta kama sauro goma sha ɗaya, ta ɗaure bakin kwalbar da ƙyalle.

"Duk Juma'a ka ba ɗaya hannu ya cije ka," in ji ta. "Na haifi ɗaya ya dawo baƙo, ba zan yi biyu ba."

Na ce, "Mma, mutane za su yi mana dariya."

"Su yi. Su suka haife ka?"

Ta ce sai ta raka ni Bawku, inda zan sami motar ƙetare. Kafin mu kai Yendi sauro huɗu sun mutu, sauran sun lafe a gindin kwalba. Mma ta ce yunwa ce. Ta naɗe hannun riga, ta manna damtsenta a ƙyallen tana lallashinsu su ci. Matar da ke kusa da ita ta ja buhunta ta matsa. Direba ya leƙo ya tambaya ko fasinjojin cikin kwalba su ma Bawku za su sauka. Mota ta ɗauki dariya, ni kuwa kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Wani dattijo ya ce, "Hajiya, Bawku ma muna da sauro, manya, ki kama sabo."

"Sauron Bawku ya san ɗana?" in ji Mma. "Na Salaga nake so, wanda ya ci ubansa."

Da muka sauka a tashar Bawku, ɗaya tak ya rage da rai, shi ma yana tangaɗi. Mma ta ga ba zai kai Juma'a ba. Ta kwance ƙyallen, ta kife bakin kwalbar a hannuna, ta yi bisimilla. Muka tsaya mu biyu cikin rana muna jiran sauro ya ga dama. Can ya sauka, ya soka. Ta ɗaga kwalbar a hankali don kada ta dame shi.

Ni kuwa hannuna bai yi shawara da ni ba. Tas! Na kai masa mari.

Mma ta dubi ɗigon jinin, ta dube ni. Na zaci faɗa za ta yi, har na shirya.

"Shi ke nan," ta ce a hankali. "Yanzu ba ni da wanda zan aika ya tuna maka da gida."

Dariyar da nake dannewa tun Yendi ta ɓace. Sai a lokacin na gane tsoronta, na ji tausayinta ya kama ni.

Wurin cizon ya ɗan tasa. Na yi ta sosa shi a mota, kwana da kwanaki, don kada ya baje. Muna shiga Agadas na duba, ya warke.