Kuringar Inabin Aljirif

Shekara arba'in ina ba kuringar inabin nan ruwa, ba ta taɓa ba ni ɗa ko ɗaya ba.

Na samo ta ne a hannun Hawaja Lusiyan, wani Bafaranshe da na yi wa aikin lambu a Khartum tun ina saurayi. Mutum ne mai son surutu da la'asar. Yakan zauna a ƙarƙashin bishiyar lemu da kofin jar giya, ya cusa hancinsa ciki ya daɗe bai kurɓa ba.

"Kabo, ka san abin da ke cikin nan?"

"Haramun," in ji ni.

Ya yi dariya har da tari. Ya ce ƙasa ce a ciki. A garinsu, in ji shi, akwai wani tudu mai fuskantar gabas, a gefensa wata gonar inabi da aka kewaye da katangar dutse. Ƙasarta ba ta kai kamu biyu ba ka tarar da farin dutse. Ubansa lebura ne a can, aikinsa datse rassa, bai taɓa mallakar ko taki ɗaya ba. Giyar gonar, sai manyan attajiran duniya. Ya ce idan aka buɗe ta, da farko sai ka ji ƙanshin jajayen 'ya'yan itace, can kuma ƙanshin ƙasa bayan ruwan farko, in ta tsufa har da na tsohuwar fata. Amma abin da ya tsaya mini shi ne wannan: a bayan katangar akwai 'yar hanya wadda jaki ɗaya ke bi, a ƙetarenta wata gona ce, iri ɗaya, rana ɗaya, masu aiki ɗaya, giyarta kuwa daban, ba mai waiwayarta.

"Saiwa ce ke nitsawa neman ruwa, ta ɗauko halin dutsen ta kai cikin ɗan," in ji shi.

Ni ban taɓa ɗanɗana giya ba, ba na kuma fata. Abin da nake so tun daga ranar shi ne in sa ɗan inabi ɗaya a bakina, wanda ya fito daga ƙasarmu, in ji ko gaskiya ne wuri yana shiga cikin ɗan itace. In haka ne, yaya ƙasar garinmu Aljirif take a harshe?

Uban Hawaja ya taɓa aiko masa da rassan inabi bakwai a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Shida suka mutu. Shekarar da aka hana giya a ƙasar nan, Hawaja ya haɗa kayansa, ya miƙo mini ta bakwai a cikin garwa.

"Kada ka tausaya mata," ya ce. "Ka sa ta cikin tsakuwa. Ka bar ta da ƙishirwa har ganyenta ya zube, ta yi barci. In ba ta sha wuya ba, ba za ta haihu ba."

Na ce to, na ɗauka zancen Turawa ne. Mu a Aljirif a bakin kogi muke noma. Kowace shekara ruwa yakan cika ya koma, ya bar mana baƙar laka mai laushi kamar man shanu. Baƙo kuwa ba a shimfiɗa masa a kan tsakuwa. Na zaɓi wuri mafi kyau a gonata, kusa da bakin injin ban-ruwa, na dasa ta. Ubana ya koya mini cewa duk mai rai da ka hana ruwa alhali kana da shi, za a tambaye ka ranar gobe.

Ta kama, ta yi ganye fiye da tafin hannu, ta hau rumfar da na kafa mata har ta rufe. Rani da damina kore shar. Ɗa dai babu. Matata Rahmatu takan tsinki ganyen ta naɗe shinkafa da nama a ciki.

"Malam, ka gode wa Allah," takan ce. "Wasu ma sun yi kiwon abin da ko miya ba ya shiga."

Maƙwabcina Salih, mai gasa jan bulo a gefen gonata, ya fi ta baki. Da ya hango ni da bokiti sai ya ɗaga murya.

"Ya hajj, yaya amaryar Faransa? Har yanzu ba ciki?"

"Kai dai ka ji da hayaƙinka."

"Ka sayar mini da ƙasar wurin, in gasa maka bulo dubu. Bulo ba ya yi wa mutum yanga."

Sau ɗaya na gwada maganar Hawaja. Na tare ruwan na kwana tara. A na goma na je da safe na ga ganyen sun langaɓe kamar kunnen akuya marar lafiya. Ban san lokacin da na buɗe ruwan ba, ina ba ta haƙuri.

Da yaƙi ya shigo Khartum, mun jure wata uku. Ranar da harsashi ya huda tulun Rahmatu, 'yata Hafiza ta aiko da mota daga Umdurman. Na cika wa kuringar gindinta har ya tumbatsa, muka tafi.

Gidan Hafiza yana can arewa, inda ƙasa ja ce, duk tsakuwa. Nakan zauna a ƙofar gida in ɗebi duwatsun ina juyawa a hannu, ina cewa da nan na kawo ta tun farko. A can Rahmatu ta rasu, a can muka rufe ta. Masu haƙa kabari sun sha wuya da dutse.

Bayan shekara biyu aka ce hanya ta buɗe. Hafiza ta ce ba za ta bar ni in tafi ni kaɗai ba. Muka isa Aljirif da hantsi a motar haya. An cire ƙofofin gidan, an ɗauke injin ban-ruwa har da bututunsa. Ban tsaya ba, na wuce gona.

Rumfar tana tsaye. Kuringar tana kanta, tsirara, ba ganye ko ɗaya.

Wani tsoho ya fito daga bayan matattarar bulo yana dogara sanda. Sai da ya yi magana na gane Salih ne. Ashe bai tafi ko'ina ba. Muka gaisa, ya yi mini ta'aziyya.

"Ya hajj," ya ce, "amaryarka ta haihu fa."

Na dube shi. Ba wasa a fuskarsa.

"Bayan tafiyarku ganyen ya zube ƙaf, na ce ta mutu. Da kogi ya cika ya ɗan jiƙa wurin, sai ta tofo. Ta yi curi goma sha ɗaya, na ƙirga. 'Ya'yan ƙanana, baƙaƙe, a matse da juna."

"Ina suke?"

"Na ci. Lokacin kwana uku ban sa komai a ciki ba. Ka yafe mini."

"Halal gare ka," na ce. Na matsa kusa da shi. "Salih, yaya ɗanɗanonsu?"

Ya sosa gemu. "Yunwa nake ji, ya hajj. Ban tsaya saurare ba."

"Zaƙi ko tsami?"

"Kamar akwai duka biyun."

"Ba ka ji wani ƙanshi ba? Na laka, ko na kogi, ko hayaƙin bulonka?"

"Wallahi da curin nake turawa, har da 'yan sandunan. Kamar inabi dai."

"Ka tuna da kyau."

Ya rufe ido don ya faranta mini, ya daɗe, sannan ya girgiza kai.

Shekarar da ta biyo, in ji shi, ruwan bai iso wurin ba, ita ma ba ta sake tofowa ba. Na kama wani reshe na lanƙwasa, ya karye ƙas. Na kankare ɓawon da farce ina neman kore, daga sama na bi gaɓa gaɓa, har na durƙusa a gindin. Na tona da hannu na kankari saiwar. Duk launin toka ne.

"Yaba," Hafiza ta kira ni daga bakin gona, "mai motar ya ce ba zai wuce azahar ba."

Salih ya miƙo mini sandarsa don in tashi.