Allura Goma Sha Biyu a Ɗakin Awo

Shekara goma sha huɗu Sapiah tana goge daɓen ɗakin awo a wata cibiyar bincike a Penang, ƙafa ba takalmi, don an ce na'urar ciki ko tari ba ta so. Na'urar tana da allura a bakin wani ɗan tsinke da bai kai kaurin gashi ba. Allurar ta taɓa abu, tsinken ya lanƙwasa, daga nan masu binciken su san taurin abin. Iyakar saninta ke nan, kuma ya ishe ta.

Ranar Litinin aka buɗe akwatin allurai, aka tarar goma sha biyu sun karye. Ba wanda ya tambaye ta komai. Kamfanin sharar da ya ɗauke ta aiki ya aiko takarda, maƙwabciyarta ta karanta mata: ta yi sakaci, an mayar da ita wankin banɗakin tashar mota. Ba wankin ne ya ci mata rai ba, aiki ai aiki ne. Sakacin nan ne ya tsaya mata a wuya, ita da ko kofin shayi ba ta taɓa fasawa a ginin ba.

Ranar Alhamis ta hau bas ta je ta zauna a ƙofar ofishin Dakta Teoh, shugaban ɗakin, da ƙunshin shinkafar kwakwarta a ganyen ayaba. Mai gadi ya zo lallashi, ta ce ya je ya lallashi kakarsa. Da Dakta ya fito ya fara kame-kame, wai ba shi ya rubuta takardar ba, sai ta katse shi.

"Kai ka ce musu mai shara ce, Dakta. Ban yi boko ba, amma ba ni da hauka. Nuna min abin da na karya, ban taɓa ganinsa ba."

Ya shigar da ita. Ya buɗe sabon akwati, ya ɗauki matsefata, ɗan ƙarfen tsintar ƙananan abubuwa, don ya ɗora allura ɗaya ƙarƙashin madubin ƙara girma. Hannun ya kama rawa. Allurar ta suɓuce, ta daki tebur. Ya ɗauki ta biyu, ita ma haka.

"Tun yaushe?" in ji ta.

Ya ce tun bikin sabuwar shekarar ƙabilarsu, ko matarsa bai faɗa wa ba. Ranar Lahadi ya zo shi kaɗai yana ta gwada allurai, ɗaya bayan ɗaya, ko hannun zai natsu, har goma sha biyu suka karye. In cibiyar ta ji, za a raba shi da na'urar da ya yi shekara ashirin a kanta.

Sapiah ta tuna mijinta, mai tsagar itacen roba, yadda ya ɓoye tasa rawar hannun har ya raunata itace da yawa, yana ɗora wa wuƙa laifi. Shi ko wuƙa ya samu, ba ta da maƙwabta, ba ta jin kunya. Tausayin Dakta ya kama ta, ba ƙarya. Sai dai tausayi ba ya wanke suna.

"Allah ya ba ka lafiya, Dakta, har zuciyata. Maganar hannunka kuwa, kai da cibiyar. Amma ni ba tsumma ba ce da za ka goge ɓarnarka da ni. Rubuta musu cewa ba ni ba ce."

Ya ɗauki biro. Rubutun ya fito a karkace, ya daɗe yana yi, ba ta gaggauta shi ba. Da ya sa hannu ta ce ya karanta mata da ƙarfi, sau biyu, kafin ta karɓa.