Yaƙin Don Wilmar da Buzuzu

Filin ƙwallon garinmu na Doña Eulogia ne. Ta ba kulob aronsa shekara talatin da suka wuce bisa sharaɗi guda: shanunta za su yi kiwo a kai daga Litinin zuwa Alhamis. Saniya kuwa ba ruwanta da layin gola, inda ta matsu nan take saukewa. Abin bai taɓa damun kowa ba, domin kafin Lahadi buzuzu ya binne komai, sai 'yan tulin ƙasa da Nicasio mai kula da fili yake bajewa da manjagara.

Bana muka kai wasan ƙarshe, karo na farko a tarihi, aka ce a gidanmu za a buga idan mai duba fili ya amince. Shugaban kulob, Don Wilmar Techera, ya yi kwana biyu a Montevideo, babban birnin ƙasarmu, ya ga ciyawar babban filin wasa, ya dawo masani.

"Wannan fili ne ko gonar dankali?" ya ce, yana shurin tulin ƙasa. "Ƙwarin nan sun gama da mu."

Nicasio ya zuƙi shayinsa na ganyen mate. "Shugaba, su kaɗai ne a kulob ɗin nan suke aiki ba sai an kira taro ba."

"Dole ka kare su, tsoho. Tafiyarku ma iri ɗaya ce."

"Ai su sun san abin da suke turawa, Shugaba."

Kwamiti ya zauna, aka ci gasasshen nama, aka amince da yaƙi. Ni ne sakatare, da hannuna na rubuta "babu mai ja". Aka yi feshi sau biyu. Kwana uku fili ya yi baƙi da gawar buzuzu, Don Wilmar ya tsaya a tsakiya aka ɗauke shi hoto.

Su shanu babu wanda ya sanar da su. Da aka maido su suka ci gaba da aikinsu, abin da suka ajiye kuma ya zauna daram, samansa ɓawo, cikinsa ɗanye, ƙuda na biki. Don Wilmar ya je roƙon Doña Eulogia ta janye garkenta na mako biyu.

"Ɗana," ta ce, "shanuna sun riga ƙwallonku zuwa filin nan. Gai da mamarka."

Aka ba Nicasio baro da shebur. Mutum ɗaya, shanu sittin.

Mai duba fili ya ce Asabar zai zo, sai ya zo ran Alhamis, da farin takalmi. Ya taka daga gola zuwa tsakiya, ya tsaya, ya ɗaga ƙafa ɗaya ya duba.

"Señor Techera, ina filin?"

"Ai a kansa kake."

"Shi ne a kaina," in ji shi.

Aka mayar da wasan Cerro Manso, garin abokan gabarmu, inda fili yake cike da tulin ƙasa ba mai ko kallonsa. Ranar wasa, ana tsakiyar cin mu biyu da nema, Don Wilmar ya kira Nicasio gefe, ya miƙa masa bokiti, ya ce ya zagaya bayan golarsu ya tono mana buzuzun iri, kada kowa ya gani.

Mai kula da filinsu ya same shi a durƙushe.

"Aboki, sayen 'yan wasa kuka zo yi? Nawa kuke nema?"

"Goma sha ɗaya ma sun isa," in ji Nicasio, bai ɗago ba.

"Ɗebi sha biyu. Ɗaya ya riƙe muku shugabanci."