Ɗaurin Ƙafar Malam Sada

Tun daga bakin zaure Juwairiyya ta ji warin. An kunna turaren wuta, an ƙara da na tsinke, amma warin yana nan ƙarƙashinsu, mai zaƙi-zaƙi kamar naman da ya kwana cikin leda.

Daga jami'a take, inda take digiri na biyu a kan ƙwayoyin cuta. Duk sanda ta bugo waya ta tambayi ƙafar mahaifinta, amsar mahaifiyarta Inna Hadijatu ɗaya ce: da sauƙi. A garin nan ba a cewa ciwo ya yi tsanani. Mutum sai ya ruɓe a kan tabarma, masu dubiya na shiga suna fita, kowa na cewa da sauƙi, har ranar da za a ce ai lokaci ne ya yi.

Mahaifin nata, Malam Sada, baduku ne a wata unguwa bayan Kusugu, kuma ya daɗe da ciwon suga. Basilla ya taka a rumfarsa bai ji ba, wurin ya zama gyambo. Ta same shi jingine da bango, ƙafar hagu nannaɗe da tsohon rawani tun daga yatsu har ƙwauri. Kusa da shi amininsa ne, Alhaji Ikrima, mai fataucin awaki daga garin Babban Mutum.

Ta durƙusa ta gaishe su.

"A'a, ga likitarmu!" in ji Alhaji Ikrima. "Sada, gaya mata. Mun riga 'yan boko kammala bincikensu."

"Uwata, sannu da hanya," in ji Malam Sada. Sunan mahaifiyarsa ne da ita, shi ya sa yake kiranta haka. "Ciwo ya tafi. Ko tsinke aka soka ba na ji."

Ta dubi ƙafar. "Baba, yaushe rabonka da zuwa wankin ciwo asibiti?"

"Waɗannan mahautan?" Alhaji Ikrima ya yi tsaki. "Kullum su kankare wa mutum nama har jini ya fito. Har fa maganar cire yatsa suka fara. Na ce ina! Ba ke kika gaya wa babanki da Sallah cewa ganyen nan yana hana ƙwayar cuta sakat ba? Shi ya ba mu labari a majalisa, yana ta alfahari. Na samo ɗanye daga ƙetare, cikin buhun harawa na shigo da shi. Na daka da kaina, na cika ramin ciwon, na ɗaure."

Ganyen wiwi yake nufi. Dattijon da zai mari yaro in ya ji ƙaurinsa a rigarsa, yau shi ne ya daka shi a turmin gidan limamin unguwa, don an ce masa boko ya yarda.

"Baba Alhaji, ba haka na ce ba." Ta yi ƙoƙari ta sassauta murya. "Ƙwayoyin da ke cikin tsohon ciwo suna aika wa juna saƙo da wani sinadari. In sun ji sun yi yawa sai su haɗu su shimfiɗa yauƙi su lulluɓe kansu, irin santsin da ke cikin randar da ba a wankewa. Magani ba ya ratsa shi, dole sai an kankare. Abin da 'yan asibiti ke yi ke nan. Mu kuma a ɗakin gwaji muna tace wani abu guda daga ganyen, mu auna, mu ɗiga a faranti. A wasu ƙwayoyin yana rage saƙon, a wasu ko gezau. A faranti fa, Baba. Ba a taɓa gwada shi a ƙafar mutum a wurinmu ba, balle ɗanyen ganye da ƙasarsa da ƙurar harawa."

"To ai ga shi mun gwada muku." Ya yi dariya ya miƙe yana gyara babbar riga. "Ni zan bi kasuwar Baure, daga can in wuce gida. Sharaɗi dai ɗaya ne, Sada, ka sani. Hannun da ya ɗaura shi ke kwancewa. In wani ya taɓa, magani ya karye, babu ruwana. Ranar Juma'a ina nan."

Ranar Litinin ce.

Da ya fita ta matsa kusa. Saman rawanin fatar ta kumbura tana sheƙi, launinta ya koma kamar na tsohuwar tagulla. Goshin mahaifinta ya jiƙe da gumi, ga shi kuma ya ja mayafi har wuya a wannan zafi na tsakar rana.

"Baba, bari in duba."

"Ba ki ji abin da ya ce ba?"

"Na ji. Rashin jin zafin nan ba sauƙi ba ne. Naman ne yake mutuwa."

"Subhanallahi! Bakinki, Juwairiyya!" Inna Hadijatu ce daga bakin ƙofa, da kwanon kunu a hannu. "Wa ke faɗa wa mara lafiya irin wannan?"

"Inna, ke ba ki jin warin?"

Inna ta ajiye kwanon. Tana ji. Ita ce ke ƙara turaren.

"Mutumin nan tun muna makarantar allo muke tare," in ji Malam Sada a hankali. "Ya ɗauko abin da in an kama shi da shi sai gidan yari, saboda ni. In kwance ɗaurinsa a bayan idonsa? Da wane ido zan dube shi?"

"Da idon mai ƙafa biyu, Baba."

Ya juya fuska bango.

Da aka kira azahar ya nemi ya yi taimama, hannunsa ya kasa samun ƙasar da ke gabansa. Ya fara magana da ƙanensa Hussaini, wanda ya rasu tun Juwairiyya na goye, yana ce masa ya miƙo fatar nan ja. Inna ta dubi 'yarta, 'yar ta dube ta.

"In ya farka ya yi fushi, ni zan ɗauka," in ji Juwairiyya. Ta ɗauko almakashin dukancinsa.

Rawanin ya manne, sai da ta jiƙa shi da ruwan ɗumi. Da ta ɗaga zagayen ƙarshe, Inna ta toshe hanci da gefen mayafi ta fara salati. Dakakken ganyen ya zama baƙin kwaɓi. Ƙarƙashinsa wani yauƙi ne fari-fari mai ruwan kore, ya rufe ciwon ruf, ya bi tsakanin yatsun, uku daga cikinsu sun yi baƙi ƙirin. Ta danna ƙwaurin da yatsa. Wani abu ya yi ƙaras-ƙaras ƙarƙashin fatar, kamar an taka busasshen ganye. Iska ce ƙwayoyin suke fitarwa cikin nama. Ta karanta wannan a littafi, ba ta taɓa zaton za ta ji shi da hannunta a jikin babanta ba.

"Inna, leƙa ki tsayar mana da Keke. Yanzu."

"Ba za a bugo wa Alhaji a sanar da shi ba? Ko don mutunci?"

"A buga masa daga asibiti."

Maƙwabta biyu suka kama shi aka sa a Keke. Ɗayansu har yana cewa ai jikin da dama, zazzaɓi ne kawai. A hanya Malam Sada ya buɗe ido, ya ga ƙafarsa a buɗe bisa cinyar 'yarsa.

"Uwata, wa ya kwance?"

"Ni ce, Baba."

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya rufe ido.

A asibiti likitan bai yi faɗa ba, bai ma tambayi abin da aka zuba a ciwon ba. Ya sa safar hannu, ya ɗora gefen tafinsa a idon sawu, ya ɗan danna, ya saurara da yatsunsa, yana bin ƙaras-ƙaras ɗin ya ji inda ya tsaya. Ya matsa sama zuwa tsakiyar ƙwauri. Ya danna. Juwairiyya tana roƙon Allah hannun ya tsaya ƙasan gwiwa.

Ya kai ƙasan gwiwar, ya tsaya jim kaɗan. Sai ya ce wa nas ta ƙara ɗage wandon.